Kai Ɗaya ko Kai Biyu: Waiwaye Kan Wuƙar Aljihu Mai Aska Biyu

Wuƙar aljihu mai aska biyu iri biyu ce, idan aka bi ta inda maƙeri ya dasa asaken. Akwai wadda babbar aska da ƙarama suke fitowa daga kai ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ƙusa guda ta riƙe su. Akwai kuma wadda kowace aska take da nata kan, ɗaya gabas ɗaya yamma, sai an ninke su sannan su haɗu a cikin ƙota. Maƙeran Ingila da Amurka suna kiran ta farko jack, ta biyun kuma pen. Wanda bai damu da wuƙa ba zai ce ai duk kanwar ja ce, tunda kowacce ka ɗauka za ta yanka igiya. Masu sha'awar irin waɗannan wuƙaƙe a ƙasashen can kuwa ba su yarda da haka ba. Za ka ga dattijo da furfurarsa ya rantse ba zai sa mai kai biyu a aljihunsa ba, abokinsa kuma ya ce mai kai ɗaya kaya ce kawai.

Abin da ya ja hankalina shi ne, wuƙar tsohuwa ce amma musun sabo ne. Shekara 150 da suka wuce, mutumin da ya shiga kanti a Landan ko a wani ƙauyen Amurka ba ya tsayawa dogon tunani a kan wannan. Sana'arsa da irin tufafin da ke jikinsa sun riga sun yi masa zaɓi tun daga gida. Sai da sana'o'in suka gushe, tufafin suka canja, sannan zaɓin ya dawo hannun son rai, kuma daga nan ne gardama ta samu wurin zama.

Sai an leƙa cikin ƙota kafin a gane tushen bambancin. Irin wannan wuƙa ba ta da makulli. Abin da ke riƙe aska, a buɗe take ko a rufe, wani siririn ƙarfe ne mai tauri da aka shimfiɗa a gadon bayan ƙota, wato sifirin, wanda ke danne gindin askar. Shi ne ke ba da ƙarar nan ta "ƙas" idan aska ta koma mazauninta. An kafe shi da ƙusa a tsakiya, saboda haka ɓangarorinsa biyu duk suna iya motsi. Maƙerin da ya dasa aska ɗaya a wannan kai ɗaya a wancan, sifirin guda ya ishe shi, kowane ɓangare ya kula da aska ɗaya. Wanda ya jera su a kai ɗaya kuwa dole ya sa sifirin biyu, kowace aska da nata, galibi da fallen tagulla a tsakaninsu.

Daga nan komai ya samo asali. Mai sifirin ɗaya siririya ce marar nauyi, tana kwanciya a aljihu har mutum ya manta da ita. Amma ba a samun sirantar a banza. Asake biyu ne za su shiga rami guda, kowacce daga nata gefen, kuma ba a so su gogi juna. Don haka sai maƙeri ya rage kaurin kowacce ta gefen da za ta fuskanci 'yar'uwarta, sannan ya ɗan karkatar da wuyanta kaɗan, wannan ta yi dama waccan ta yi hagu. Idan ya matsa da yawa, ƙarfen da ya riga ya sha wuta ya yi tauri sai ya tsage. Idan ya yi sassauci, asaken su riƙa kartar juna duk lokacin da aka rufe. Akwai kuma dokar da masu irin wannan wuƙa suka gada: ba a barin asaken biyu a rabin buɗewa lokaci guda, domin a sannan ne sifirin yake shan matsi ta ɓangarori biyu, kuma yana iya karyewa.

Mai kai ɗaya ba ta da wannan damuwa. Kowace aska tana da raminta, don haka takan zo a miƙe, da kauri, da tsawon da ya kusa cika ƙota. Ɗaya kan ƙotar kuma babu ƙusa babu gindin aska, maƙeri na iya kumbura shi ya cika tafin hannu. Mutum ba ya buƙatar juya wuƙar kafin ya sauya aska, duk ta wuri ɗaya yake buɗewa. Laifinta biyu ne. Tana da kauri da nauyi, sannan idan kana aiki da aska ɗaya, bayan wadda ke rufe yana tokarar yatsu, aikin da ya yi tsawo har kanta yakan bari.

Garin da ya fi kowanne tsara waɗannan nau'o'i shi ne Sheffield a arewacin Ingila. Tun 1624 majalisar dokokin ƙasar ta amince da ƙungiyar maƙeran wuƙa ta yankin Hallamshire, kuma a shekarun 1740 Benjamin Huntsman ya gano hanyar narka ƙarfe a tukunyar yumɓu har ya fito tas, irin wanda ke ɗaukar kaifi ya riƙe. Gidaje irin su Joseph Rodgers da George Wostenholm sun cika duniya da wuƙaƙe, kuma sun san kowane mai saye da irin tasa.

Akawu da lauya da ɗan kasuwa mai rubuta wasiƙu, da gashin fiffiken dinya suke rubutu a lokacin. Bakinsa ba ya jimawa yake dakushewa, sai an sake gyara shi. Wanda ya zauna a tsangaya ba ya buƙatar dogon bayani a nan: alƙalamin kara ba ya ba da rubutu mai kyau sai an feƙe shi an tsaga bakinsa daidai, kuma marubucin da ya san darajar askarsa ba zai so a ɗauke ta a fere rake da ita ba. Haka akawun Ingila yake da 'yar ƙaramar aska mai tsananin kaifi da ba ta taɓa komai sai alƙalami. Da farko a kan tebur take zama, ba ta ninkewa. Daga baya aka mai da ita mai ninkewa, aka kuma ƙara mata wata aska mafi girma a ɗaya kan, don yanka zare ko ɓare 'ya'yan itace. Mazauninta aljihun falmaran ne, kusa da agogo, inda kowane kauri yake nunawa a jikin riga. Shi ya sa aka so ta siririya, da ƙotar hauren giwa ko ta ɓawon kawa mai sheƙi.

Manomi da kafinta da ma'aikacin jirgin ruwa ba ruwansu da yadda riga ta kwanta. Suna son abin da za su danna da ƙarfi bai girgiza ba. Wuƙar Barlow ita ce misali mafi shahara. Asalinta Sheffield ne, amma a Amurka ta yi suna. An tsawaita hular ƙarfen da ke kan ƙota har ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, don ta ƙarfafa wurin da ƙusa take, sauran kuma aka rufe da ƙashi ba wani ado. Arha ce ƙwarai, har Mark Twain ya sa ta a matsayin kyautar da aka yi wa yaron nan Tom Sawyer a littafinsa na 1876. A wancan zamani, idan mutum ya fito da wuƙarsa, kana iya cankar ko da alƙalami yake cin abinci ko da gumi.

Canji na farko ya zo ne daga wani gari daban. A shekarun 1820, masana'antun Birmingham, irin na John Mitchell da Joseph Gillott da Josiah Mason, suka fara buga bakin alƙalami na ƙarfe da inji, da yawa kuma da arha. Kafin tsakiyar ƙarnin, gashin tsuntsu ya fara ja da baya a ofisoshi da makarantu. Bisa hankali, da ƙaramar aska ta bi shi. Amma ba ta bi ba. Mutane suka ci gaba da nemanta don feƙe fensir, da kankare kuskuren tawada a takarda, da buɗe ambulan, da gyaran farce, da cire sartse. A nan ne ainihin amfanin aska ta biyu ya fito fili. Mutum yana son ya kasance da aska ɗaya da zai wahalar, da wata da zai adana mata kaifinta da tsabtarta don aikin da ke son natsuwa. Alƙalami ɗaya ne kawai daga cikin irin waɗannan ayyuka.

Daga nan labarin ya tsallaka teku. Maƙeran Sheffield da dama sun yi ƙaura zuwa jihohin Connecticut da New York da sana'arsu a hannu, sannan harajin shigo da kaya da Amurka ta ƙara a 1890, wanda ake kira da sunan McKinley, ya sa wuƙar waje ta yi tsada. Masana'antun gida suka samu fili: Case, wanda ya faro a 1889 ya zauna a Bradford ta jihar Pennsylvania, da Camillus, da Schrade, da Remington mai ƙera bindiga, wanda ya shiga harkar wuƙa a 1920. Su ne suka rarraba nau'o'in gwargwadon aikin karkara.

Nau'i biyu daga cikinsu sun fi koya mini abu a kan wannan batu, domin kusan mutum ɗaya aka yi wa su, wato mai ɗana tarko yana fiɗar dabba don fatarta. Wadda ake kira Trapper, mai tsawon inci 4 da ɗan ɗoriya a rufe, tana da dogayen asake biyu a kai ɗaya. Ɗaya mai tsini ce don huda da tsagawa. Ɗayar bakinta a dunƙule yake, irin wadda makiyaya ke fiɗiye dabbobi da ita, tana bin ƙarƙashin fata ba ta huda ta ba. Mai aiki yana sauyawa tsakaninsu a kan dabba guda, don haka aka ajiye su wuri ɗaya. Wadda ake kira Muskrat kuwa, da sunan wani ɓeran ruwa mai laushin gashi, asakenta biyu iri ɗaya ne sak, sirara masu tsini, ɗaya a kowane kai. Mai fiɗar ƙananan dabbobi da yawa a jere ba ya son tsayawa washi. Idan wannan ta dakushe sai ya ninke ta, ya juya wuƙar, ya ci gaba da waccan, riƙon kuma bai canja masa ba tunda kawunan daidai suke. Sana'a ɗaya, amsa biyu, kuma kowacce da hujjarta a cikin aikin.

Hatta ƙananan abubuwa akwai dalili a bayansu. Idan aska ta rufe, kusurwar gindinta takan ɗan leƙo waje ta riƙa cin aljihu har ta huda shi, mai kai biyu kuma kusurwa biyu gare ta. Sai aka fito da wadda ake kira Canoe, aka ɗaga hulunan ƙarfenta sama kamar goshin kwalekwale suka rufe kusurwoyin. A cikin masu kai ɗaya ma akwai wata tambayar: ƙaramar aska ce za ta zauna a gaba ko babba? Idan ƙarama ce a gaba, tsagar da ake sa farce ta kowace aska tana iya fuskantar gefe guda, babbar ta leƙo ta saman ƙaramar, mai amfani da hannun dama ya buɗe kowacce ba tare da ya kifa wuƙar ba. Idan babba ce a gaba, tsagarta a sarari take ba abin da ya tare ta, amma sau da yawa sai an kifa wuƙar kafin a kai ga ƙaramar. Mai farce gajere ko mai aiki cikin sanyi ya san wanne ya fi masa.

Canji na biyu shi ne ya yi wa nau'o'in biyu illa tare. A 1964 kamfanin Buck ya fito da wuƙarsa mai lamba 110, aska ɗaya babba mai makulli, ana rataye ta a kube a ɗamara. Mafarauta da ma'aikata suka rungume ta, domin ba ta rufewa a kan yatsa. A 1981 Spyderco ya kawo wuƙa mai rami a jikin aska, da babban yatsa kaɗai ake buɗe ta, ga kuma maƙali da ke riƙe ta a bakin aljihu. A 1983 Leatherman ya haɗa filaya da wuƙa da sukundireba a abu ɗaya. Ƙarfe ma ya inganta, aska ɗaya takan daɗe ba ta nemi dutsen washi ba, hujjar mai fiɗar ɓeran ruwa ta raunana ke nan. Rayuwar ma ta sauya. Biro ya maye gurbin kusan komai, falmaran ta koma kayan biki, yawancin abin da mutumin birni ke yankawa kwali ne da salatif. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka hana shiga jirgin sama da wuƙa a Amurka, ofisoshi da makarantu da yawa su ma suka tsananta. Schrade ya rufe a 2004, shekarar da ya cika 100. Camillus ya bi shi a 2007. Sunayen sun ci gaba da fitowa a kan wuƙaƙe, amma yawanci daga masana'antun Sin.

Mu a nan ba mu shiga wannan musu ba, domin wuƙa mai ninkewa da ta fi yawo a kasuwannin Afirka mai aska ɗaya ce, irin Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902, daga baya aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Mahauci da baduku kuma wuƙar maƙerin gari suke riƙewa, mai aikin alƙalami ya koma ga reza. Inda da yawanmu muka taɓa ganin tsarin kai biyu shi ne jar wuƙar nan ta Suwizalan mai alamar kuros, ta kamfanin Victorinox. Wanda yake da matsakaiciyarta ya duba, zai ga babbar aska a wannan kai, ƙaramar a wancan, sifirin ɗaya na ɗauke da su. Tsohuwar dabarar wuƙar akawu ce aka kewaye da mabuɗin kwalba da na gwangwani.

Wani abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da manyan masana'antu ke rufewa sha'awar ta farfaɗo. A 2006 aka buɗe Great Eastern Cutlery a Titusville ta Pennsylvania, suna yin tsofaffin nau'o'in kaɗan-kaɗan, da ƙotar ƙashi ko katako da ƙarfe mai yin tsatsa irin na dā, masu saye kuma suna wawushewa da zarar sun fito. A Birtaniya doka ma ta taimaka, domin dokar 1988 ta bar mutum ya ɗauki wuƙa mai ninkewa marar makulli muddin kaifinta bai wuce inci 3 ba, wanda hakan ya dace da yawancin ƙananan wuƙaƙen gargajiya. Amma masu sayen yanzu ba masu fiɗa ba ne, ba kuma akawuna masu gashin dinya ba. Da yawansu suna da wuƙaƙe cike da akwati, suna zaɓar ta yau kamar yadda ake zaɓar hula.

Idan ka saurari hujjojinsu za ka ji tsofaffin dalilai ne, an dai cire su daga aikin da ya haife su. Mai son kai ɗaya zai yi maganar ƙarfi da cikar hannu, alhali abin da zai yanka zaren da ya zaro a riga ne. Mai son kai biyu zai yi maganar siranta, alhali wayar da ke aljihunsa ta ninka wuƙar nauyi. Idan aka matsa da tambaya, amsar gaskiya takan fito: irin ta mahaifina ce, ko irin wadda kakana ke feƙe mini fensir da ita. Ban ga aibu a nan ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ƙauna hujja ce mai zaman kanta. Abin da kawai nake ganin ya dace shi ne mutum ya kira ta da sunanta, kada ya mai da abin da ya gada a gida ya zama hukunci a kan kowa.

Ga wanda har yanzu yake aiki da wuƙarsa, tambayar dā tana nan da amfaninta: me za ka yi da aska ta biyu? Idan za ka riƙa sauyawa tsakanin biyun a cikin aiki guda mai nauyi, ka neme su a kai ɗaya. Idan ta biyun ajiya ce don ɗan aiki mai tsabta jefi-jefi, kuma wuƙar za ta fi daɗewa a aljihu fiye da a hannu, mai kai biyu ta fi maka. Idan kuwa ba ka da amsa, aska ɗaya ta ishe ka.

Abin da na fi jin asararsa a wannan waiwaye shi ne hannun da ke yin aikin. A Sheffield ta dā, ana raba aikin wuƙa tsakanin mai bugun aska, da mai washi, da mai haɗawa, kowanne da shekarun koyonsa. Stan Shaw, wanda ya shiga sana'ar yana ɗan shekara 14, ya koyi dukkan matakan domin waɗanda zai miƙa wa sauran aikin suna ta ƙarewa. Ya yi aiki har cikin tsufansa a wani ɗan shago a gidan tarihi na Kelham Island, mai son wuƙarsa sai ya jira shekaru, kuma ya rasu a 2021 yana da shekara 94. Jera asake biyu a kai ɗaya abu ne da inji ke yi ba wahala. Zaunar da su a kan sifirin guda, su wuce juna ba karta, kowacce ta buɗe da tauri daidai, wannan har yau yana son ido da hannun wanda ya ɓata asake masu yawa kafin ya iya. Saboda haka nau'in biyu ba su fuskantar haɗari iri ɗaya. Mai kai ɗaya za ta ci gaba muddin akwai mai saye. Mai kai biyu ta ƙwarai kuwa sai an samu matasan da za su yarda su zauna gaban tsofaffin maƙera su koya, a kuma samu masu sayen da za su biya kuɗin wannan zama. Idan aka rasa su, musun zai ƙare da kansa, domin zaɓi ɗaya ne zai rage a kanti.